Ra'ayinmu: A Fara Lissafin Daga Murhu



Sanin kowa ne cewa duk lokacin da majalisar dattawa ta zauna aka zo kan maganar kuɗi, kukan ɗaya ne. Baiko ya ragu, zakka ba ta shigowa kamar dā, albashin fasto sai wata ya yi nisa kafin a harhaɗa shi. Daga nan sai a yanke shawara a ƙara wa'azi a kan bayarwa, a yi addu'ar rufewa a tashi. Ba mu ƙi wa'azin bayarwa ba. Sai dai muna ganin lokaci ya yi da dattawa za su tambayi inda kuɗin membobinsu yake tafiya tsakanin Litinin da Asabar, domin yawancinsa ba a ƙarƙashin katifa yake ba. Ya ƙone a murhu, ya ƙone a janareta, ya tafi wurin mai ruwa da mai cajin waya, naira ɗari biyu nan, ɗari biyar can, ba tare da kowa ya rubuta ba.

Idan ba a manta ba, har farkon shekarar 2023 litar man fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, kafin ƙarshen 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Kananzir, wanda iyayenmu mata suka san farashinsa na gwamnati a kan naira 50, tun 2016 aka janye masa tallafi, a 2023 shi ma ya wuce naira 1,000, har risho ya zama kayan tarihi a gidaje da dama. Waɗanda suka gwada iskar gas sun ga yadda farashinta ya bi dala ya haye. Ƙarshenta kowa ya koma inda kakanni suka bari, wato itace da gawayi. A wani gari wannan komawa ce baya kawai. A Birnin Gwari kuwa maganar rai ce, domin dajin da ake samo itacen shi ne dajin da ya zama mafakar 'yan bindiga shekara da shekaru.

Abin da ya sa ke nan muka ce a fara lissafin daga murhu. Mutanen birni idan suna maganar rage kashe kuɗin gida, takardar bil ɗin wuta suke nufi. Mu a nan ƙauyukanmu da yawa ba su taɓa ganin wayar lantarki ba, waɗanda suke da ita kuma sun san yadda take zuwa da yadda take tafiya. Bil ɗin da babu gidan da ya tsere masa, safe da yamma, damina da rani, shi ne na wutar girki. Kuma ba maigida ne yake ganinsa ba. Shi dai ya ba da kuɗin cefane ya fita gona ko kasuwa. Uwargida ce take gutsurar kuɗin miya ta sayi itace, in babu kuɗin ta ɗauki gatari da gammo, ko ta aiki 'yan mata, su nufi bakin daji.

Ƙasarmu ƙasar daji ce. Gandun Kamuku, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Mun taso muna ganin itace kamar ba ya ƙarewa, don haka ba mu koyi tattalinsa ba kamar yadda mutanen Katsina da Daura suka koya dole. Amma a tambayi kowace tsohuwa a Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa nisan da take yi tana yarinya kafin ta cika ɗauri, a kuma tambayi jikarta nisan da take yi yanzu. Duk taku ɗaya da aka ƙara cikin dajin nan, kasada aka ƙara. Babu ikkilisiyar da ke wannan yanki da ba ta san zafin haɗa kuɗin fansa ba, ko ba ta yi azumi da addu'a domin wani nata da ke hannun mutanen daji ba. Gaskiya ne bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a ƙarshen 2024 an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci suka koma bin hanyar Kaduna, manoma da dama suka koma gonakin da suka bari. Mun gode wa Allah. Duk da haka babu dattijo mai hankali da zai ce a saki jiki a riƙa tura yara mata cikin daji sau uku a mako alhali akwai hanyar da za a mayar da shi sau ɗaya.

Hanyar kuwa tana nan, kuma yawancinta ba ta bukatar ko kwabo. Murhunmu na duwatsu uku ɓarnarsa ta fi aikinsa. Masana sun auna sun ga cewa zafin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran iska ce take kwashewa. Wato a cikin ɗaurin itace goma da aka sha wuya aka ɗauko, takwas ko fiye sararin Allah suka dafa. Idan aka kewaye murhun da laka, irin wadda muke ginin rumbu da ita, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafar fitar hayaƙi, tukunya ta zauna daidai bakinsa har gindinta ya nutse, uwargida za ta ga bambanci tun a makon farko. A faskara itacen ƙanana, a bar shi ya bushe sarai a ƙarƙashin rumfa, domin ɗanyen itace wani ɓangare na ƙarfinsa wajen busar da kansa yake ƙarewa. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare. Kada a hura wuta sai an gama jajjage da wanke-wanke, komai yana kusa. In an sauke tuwo a janye sauran itacen a kashe, kada a bar shi yana ci har ya zama toka. Ga totuwar masara da karan dawa da muke tarawa mu banka wa wuta a gona bayan girbi, alhali ƙasarmu tana cikin wuraren da suka fi noman masara a jihar nan.

Akwai kuma wata dabara da ta kamata kowace Zumuntar Mata ta gwada a gaban membobinta, domin sai an gani ake yarda. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsummoki ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a ƙasa da gefe. Idan shinkafa ko wake ya tafasa sosai na ɗan lokaci, a sauke tukunyar da murfinta a sa a ciki, a lulluɓe sama da tsohon bargo. Zafin da ke cikinta shi zai ƙarasa dahuwar ba tare da an ƙara ko tsinke ba. Mace za ta iya sa abincin rana a kwando ta tafi sujada, ta dawo ta tarar da shi ya nuna da zafinsa. Wasu za su yi dariya, mun sani. Akwai kuma murhun ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta shiga rarrabawa tare da abokan aikinta na Jamus tun shekarun 2000. Sunan murhun daga aikinsa ya samo asali, an ƙera shi ne don ya rage cin itace da kusan kashi 80 cikin 100, kuma tare da shi ake sayar da akwatin riƙe zafi mai yin aikin kwandon da muka faɗa. Yana da tsada ga gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin adashi ba.

Kada a manta da hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Tarin da ba ya jin magani, jan ido, ciwon ƙirjin jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana tuƙa tuwo, duk kuɗin asibitinsu a lissafin murhu ya kamata a sa su.

Game da gawayi, za mu faɗi abin da wasu membobinmu ba za su so ji ba. Duk mai bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ya saba ganin buhunansa jere a bakin titi, kuma a cikin masu ƙona shi akwai namu. Ba mu ɗora wa kowa laifin neman abinci ba, musamman wanda aka raba da gonarsa. Amma kafin a sami kilo ɗaya na gawayi a irin ramin da muke ƙonawa, sai an cinye itace kilo biyar ko fiye. Da kirya da marke suka yi wuya, gatari ya koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da kakanninmu ba sa sarewa ko da suna sharar gona, domin su ne man kaɗe da daddawar da gwauruwa take sayarwa ta biya wa marayunta kuɗin makaranta. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sare itace a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta kuma hana safarar itace da gawayi saboda tsaro, kowa ya ga yadda gidaje suka shiga wahala a lokacin. Gidan da ya riga ya iya dafa abinci da itace kaɗan shi ne bai ji jiki sosai ba. Kowace majami'a tana da fili. Da an dasa darbejiya ko turare guda hamsin a kewayenta shekara biyar da suka wuce, da yanzu ana sassabe rassansu ana raba wa tsofaffi.

Littafin Sarakuna na Fari sura 17 ya nuna mana cewa sa'ad da Allah ya aiki annabi Iliya zuwa Zarefat, a bakin ƙofar gari ya tarar da gwauruwar nan tana tsintar itace don ta yi girkinta na ƙarshe. Allah ya san da ita da 'yan itatuwanta. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce wannan maganar mata ce ba. Sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin. Saboda haka dattijon da yake ganin zancen murhu ya yi ƙanƙanta a kawo shi gaban majalisa, ya sake duba Littafinsa.

Yanzu sai mu juyo kan gidan Ubangiji kansa, domin ba daidai ba ne mu koya wa membobi tattali alhali baikonsu yana tafiya a hayaƙi. A ɗauka ikkilisiya tana kunna janareta awa goma a mako, idan aka haɗa sujadar Lahadi da addu'ar tsakiyar mako da koyon waƙa da taron matasa, kuma injin yana shan lita ɗaya a awa. Lita 520 ke nan a shekara. A farashin naira 1,000 da aka gani a ƙarshen 2024, naira 520,000. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya gwada wannan da abin da aka ba gwauraye da marayu a shekarar. A wasu wurare mutum arba'in ne a cikin ɗakin sujada, muryar fasto tana isa kujerar baya ba tare da taimako ba, amma sai an tayar da inji don manyan lasifikoki huɗu da fitilun da ke ci da rana tsaka. Iyayenmu da suka kafa waɗannan ikkilisiyoyi da ganga da kacau-kacau suka yi yabo, ba mu kuwa ji an ce Ruhu bai sauko ba. Ƙaramar lasifika mai batir da farantin sola ɗaya sun isa yawancin majami'unmu, kuma kuɗin man 'yan watanni zai saye su. Akwai wata riba a ciki. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, rage ƙarar da ba ta da amfani ladabi ne na zaman tare.

Haka lissafin yake a gida. Ƙaramin janareta yana shan kusan rabin lita a awa. Awa huɗu kowane dare, lita 60 a wata, naira 60,000 a wancan farashi, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kuma mene ne ake kunnawa? Ƙwai uku, talabijin da cajin waya. Ƙaramar sola mai ƙwai uku ko huɗu da wurin caji tana yin wannan aiki ban da talabijin, babu ƙara, babu hayaƙin nan marar wari da yake kashe iyali gaba ɗaya cikin barci idan aka shigar da inji ɗaki don tsoron ɓarawo. Sai dai a yi hattara, kasuwa ta cika da jabu. Araha ba ta ado. Gara ƙungiyar maza ko ta mata ta yi adashi, a wakilta mutum biyu da suka san kan abin su je Kaduna su sayo a wurin da zai ba da rasit da garanti, kowane wata gida ɗaya ko biyu su samu, a fara da gidajen gwauraye da na masu bishara na ƙauye. Matasanmu da ke zaune ba aiki, a tura biyu su koyi haɗawa da gyara.

Ga 'yan'uwa da ke cikin gari masu wutar lantarki, ga abin da ya kamata ku sani. Tsohon ƙwai mai wat 60 da sabon farin ƙwai mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Ƙwai biyar na tsohon, awa shida a rana, yunit 54 ne a wata. Na sabon yunit 8 ne da ɗan ɗoriya. Hita mai wat 1,000 da ake tsomawa a bokiti tana cin yunit guda a awa ɗaya, abin da farin ƙwai zai yi fiye da awa 100 bai ci ba. Dutsen guga ma haka, don haka a tara gugar mako a yi ta a zama ɗaya. Amma duk wannan tattali sai mai mita ne yake cin ribarsa. Wanda ake kawo wa bil na kintace, ko ya kwana a duhu abin da aka rubuta aka rubuta. Saboda haka neman mita shi ne matakin farko. Kafin ta samu, a sani cewa tun 2020 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta sa iyaka ga abin da kamfani zai iya caje wa marar mita, kuma ta sha bayyana cewa sayen taransifoma da turaku da gyaransu aikin kamfani ne, ba na masu amfani da wuta ba. An kuma raba layuka rukuni-rukuni, daga A mai awa 20 a rana zuwa E mai awa 4, kowanne da farashinsa. A Afrilun 2024 aka ɗaga na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit kafin a ɗan sassauta. Kowa ya duba takardarsa ya ga rukunin da aka sa shi, ya gwada da awannin da yake gani da idonsa. In akwai ƙorafi a rubuta shi a takarda, a kai ofishin kamfani, a riƙe kwafi mai hatimi, in ba a ji amsa ba a kai gaba wurin hukuma. Irin wannan takarda ta fi nauyi idan unguwa duka ta sa hannu, Kirista da Musulmi, da sanin mai unguwa. Taransifoma ba ta san addinin kowa ba.

Abu ɗaya ne ba za mu kira shi tattali ba, wato satar wuta. Zagaye mita, maƙala waya da dare, ko danƙa wa ma'aikaci na goro don ya kau da kai, sunansa sata ko da rabin unguwa suna yi. Mun san hujjar da ake kawowa, cewa ana biyan kuɗin wutar da ba a gani ba, kuma ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yawancin Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu. Amma zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka naka. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Ranar da aka kama dattijon ikkilisiya da wayar sata, ba sunansa za a kira a kasuwa ba, sunan majami'arsa za a kira. Idan akwai ɗakin sujada ko gidan fasto da ke kan irin wannan haɗi, majalisa ta cire shi a wannan makon.

Maganar ruwa gajeriya ce. Ruwan sama a ƙasarmu yakan wuce milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin majami'a mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10 yana zubar da lita 200,000 a damina guda, jarka 8,000 ke nan mai cin lita 25, duk suna bin ƙasa suna cin gindin gini. Indararo da tanki ko biyu ba za su riƙe duka ba, amma za su raba gidajen kusa da sayen ruwan wanki daga Yuni zuwa Oktoba. A bar ruwan farko ya wanke rufin tukuna, a rufe bakin tankin saboda sauro, na sha kuma a tafasa.

Muna kira ga kowace majalisar dattawa ta ba shugabar Zumuntar Mata wuri a zamanta na gaba, a saurare ta kafin a buɗe littafin ma'aji, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A zaɓi gidaje goma a kowace ikkilisiya, masu hali da marasa hali, a ba su littafin rubutu. Har mako huɗu su rubuta duk abin da ya fita a kan itace, gawayi, fetur, kananzir, batir, cajin waya, ruwa da bil ɗin wuta, su kuma rubuta sau nawa wani daga gidan ya shiga daji neman itace da kuma wanda ya je. Gidan da babu mai rubutu, a haɗa shi da ɗan makarantar Lahadi. Bayan nan a gina murhun laka a biyar daga cikin gidajen, a sake ƙirga wasu mako huɗu. Ma'aji shi ma ya fitar da jimillar kuɗin man janareta na shekarar da ta wuce ya karanta a gaban jama'a ranar Lahadi. Magatakardan ikkilisiyoyi su aiko mana da sakamakon kafin sujadar godiyar kaka, za mu buga alƙaluman gari-gari ba tare da sunan kowane gida ba.